Jirgin yaƙin da ya nutse da mutanensa: a tsamo shi ko a bar shi?

Tambaya: Na ji cewa har yau akwai jiragen saman yaƙin duniya na biyu kwance a ƙarƙashin teku da tafkuna, wasu da ƙasusuwan sojojinsu a ciki. Shin tsamo su ne daidai, ko barinsu shi ne girmamawa? Kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, kuma adadin ba kaɗan ba ne. Amurka kaɗai tana da sojoji fiye da 70,000 na wancan yaƙin da ba a gano gawarwakinsu ba, waɗanda da yawansu ruwa ya ci, sannan a wurin tunawa da ke Runnymede ta Ingila an rubuta sunayen mayaƙan saman Birtaniya da ƙawayenta fiye da 20,000 da ba a san kabarinsu ba.

Batun iko ya fi sauƙin warwarewa. Jirgin soja yana nan a matsayin mallakar ƙasarsa komai daɗewarsa a ruwa, sai dai idan ita ce ta sallama shi. A Birtaniya, dokar kare ragowar kayan soja ta 1986 ta mayar da duk jirgin saman da ya faɗi a bakin aikin soja wuri mai kariya, ba a taɓa shi sai da izinin ma'aikatar tsaro, ita kuwa ba ta saba ba da izinin ba idan ana zaton akwai gawa a ciki. Amurka ta yi irin wannan doka a 2004. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ita ma ta fifita adana irin waɗannan abubuwa a inda suke tare da mutunta ƙasusuwan ɗan Adam, amma tana magana ne kan abin da ya shekara 100 a ruwa, don haka jiragen yaƙin 1939 zuwa 1945 ba su shiga ƙarƙashinta ba tukuna.

A ganina, duk jirgin da ake kyautata zaton akwai mutum a cikinsa kabari ne, kuma da wannan idon ya kamata a dube shi tun kafin a san tarihinsa ko darajar ƙarfensa. Mai ninƙaya yana iya zuwa ya gani, amma bai halatta ya cusa hannu cikin ɗakin matuƙi ba, balle ya ɗauko agogo ko takalmi don ajiyewa a falo. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha ya nuna cewa karya ƙashin mamaci tamkar karya shi ne yana raye, malamai kuma ba su yarda a tone kabari ba sai da larura. Ɗaukar irin waɗannan kaya yana da wata ɓarna da mutane ba su cika lura da ita ba: ƙaramar alamar ƙarfe mai ɗauke da lambar soja, ko zoben aure, wani lokaci ita ce kaɗai shaidar da za ta mayar wa mamacin da sunansa.

Duk da haka, ban yarda a auna jirgin sama da jirgin ruwa da mudu ɗaya ba. Babban jirgin ruwan yaƙi yana iya nutsewa da ɗaruruwan mutane a zurfin da aikin tsamowa zai fi kama da wulaƙanci, kuma ma'aikatan ruwa sun daɗe da ɗaukar teku a matsayin makwanci mai mutunci. Jirgin sama kuwa mutanensa ba su cika wuce goma sha ɗaya ba, an san sunan kowa da mazauninsa a ciki, sau da yawa kuma yana kwance ne kusa da gaɓa, inda ruwan gishiri ke cin jikinsa na alminiyom, koma ta masunta tana yagarsa, masu yasar yashi suna matso shi. A irin wannan hali, barin gawa a wurin yana iya zama barinta ga ɓata.

Abin da Holan ta yi ya cancanci a tsaya a kansa. A 2019 gwamnatin ƙasar ta fara wani shiri na ƙasa don tono jiragen da ake zaton akwai sojojin da suka ɓace a cikinsu. A 2020 aka tsamo wani jirgin Birtaniya ƙirar Stirling daga tafkin Markermeer, wanda aka harbo a watan Maris na 1943 da mutum bakwai, aka kuma binne su da cikakkiyar karramawar soja a maƙabartar Jonkerbos a 2022, danginsu na tsaye a wurin. A 2023, don a kai ga wani jirgin ƙirar Lancaster a tafkin IJsselmeer, sai da aka kafa katangar ƙarfe kewaye da wurin, aka zuƙe ruwan, aka bi laka a hankali ana tacewa har aka samo ƙasusuwan mutum ukun da suka ɓace. Amurka ma ta yi makamancin haka a 2017 kusa da tsibirin Vis na Kuroshiya, inda aka samo matuƙin wani jirgi da ya faɗi a Disamban 1944, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da shi, aka mayar da shi gida.

Sharuɗɗan da zan gindaya kafin a taɓa irin wannan wuri su ne a sami yardar ƙasar da ta mallaki jirgin da kuma wadda yake cikin ruwanta, a sanar da dangi tun kafin labari ya kai ga 'yan jarida, masana binciken kayan tarihi da ƙwararrun ƙashi su ja ragamar aikin, masu kwance bam kuma su riga kowa shiga, tunda wasu jiragen sun faɗi da lodinsu. Kada a ɗauki hoton ƙashi don yaɗawa, kada a baje shi a gidan tarihi, kada kuma a bambanta tsakanin sojan da ƙasarsa ta ci yaƙi da wanda aka ci tasa. Idan wurin ya yi zurfi, babu abin da ke barazana gare shi, ko kuma dangi sun nemi a bar nasu tare da abokan tafiyarsa, sai a rubuta wurin a kundin gwamnati, a ɓoye ainihin inda yake daga masu farautar kayan yaƙi, a riƙa aika masu dubawa lokaci zuwa lokaci.