Kafin ka biya kuɗin ƙarfen zubi

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, kayan waya nake sayarwa. Na ƙirƙiro wani mariƙin waya da ake ɗaurawa a kan babur, na zana shi a takarda. Masana'antar roba ta ce in biya kuɗin ƙarfen zubi, wato ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a cikinsa ta ɗauki siffar kayan, kuma ba za su buga ƙasa da guda 5,000 ba. Kusan duk jarina zai tafi. Wani abokina ya ce in fara yin samfur, ni kuwa gani nake ɓarnar kuɗi ce. Ina mafita?

Amsa: Malam, abokin nan naka ya yi maka gata. Ƙarfen zubi in an sassaƙa shi, bakin alƙalami ya bushe. Ƙara rage ƙarfe a jikinsa mai sauƙi ne, amma mayar da wanda aka riga aka cire sai walda da sake gogewa, wani lokaci ma sai sabo. In akwai kuskure a zanenka, sau 5,000 za a buga maka shi, kuma kai za ka biya.

Samfurin farko bai kai ya ci maka kuɗin kirki ba. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro Palm Pilot, wata ƙaramar kwamfutar aljihu da ta fito a 1996, guntun katako ya sassaƙa daidai aljihun rigarsa, ya yi ta yawo da shi yana yi kamar na'ura ce, don kawai ya san ko mutum zai yarda ya riƙa ɗaukarta. Kai ma fara da kwali da katako, ka ga ko hannu ɗaya zai iya zare wayar.

Daga nan ka nemi mai zane a kwamfuta. Akwai manhaja irin FreeCAD da kyauta ce. Kwamfutar za ta yanka zanen gunduwa-gunduwa har dubbai, ta lissafa nauyin da ke kan kowace, ta nuna maka wurin da zai fara tsagewa. Sai dai abin da ka faɗa mata shi take lissafawa. In ba a sa mata jijjigar injin babur ba, za ta ce komai lafiya. Jijjigar nan kuwa ita ce babbar matsalarka: a 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar manyan babura tana iya lalata kyamara. Mai saye ba zai yafe maka wannan ba.

Sannan a buga maka 'yan ƙwarori da firinta mai 3D, wato na'urar da ke fitar da kaya na roba daga zanen kwamfuta. Ka lura, tana jera robar ne hawa-hawa, don haka tana saurin ɓallewa a mahaɗa, kuma robar PLA, wadda aka fi amfani da ita a irin wannan firinta, tana fara laushi a wajen digiri 60 na zafi a ma'aunin Celsius. Siffa da zaman waya za ka gwada da ita, ƙarko sai robar gaske.

In an kai nan, ka tambayi masana'antar farashin zubin alminiyam, wanda ya fi na ƙarfe araha kuma ya isa buga kaɗan. Ka sayar wa masu babur kamar talatin. Sayarwa na ce, don wanda aka ba kyauta ba ya kushe. Bayan wata guda ka bi su ka ga nawa ne har yanzu ke ɗaure.

Ranar da za ka biya babban kuɗin kuma, a rubuta a yarjejeniya cewa ƙarfen zubin mallakinka ne, kana da ikon ɗauke shi duk sadda ka so.