Amsa: illar ƙara batutuwa a zaman musamman na majalisar jiha

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai illa idan gwamna ya yi ta ƙara batutuwa a zaman musamman na majalisar jiha a Amurka. Akwai sosai, kuma jihar Texas ta isa misali.

A can gwamna kaɗai ke kiran irin wannan zama, wato zaman da ake yi ban da zaman majalisa na yau da kullum, shi ke fayyace abin da za a tattauna, kuma zaman ba ya wuce kwana 30. Duk batun da aka ƙara, cikin waɗannan kwanakin zai ci rabonsa: zaman kwamiti, sauraron jama'a, karatu uku a kowane zaure, na wakilai da na dattawa.

Babban haɗarin shi ne batu ɗaya mai zafi ya riƙe sauran. Majalisar wakilan jihar kujera 150 ce, kuma sai mutum 100 sun hallara kafin a yi komai. A Yulin 2025 Gwamna Greg Abbott ya haɗa batun ambaliyar ruwa da sake zana mazaɓun majalisar tarayya a ajanda ɗaya. 'Yan majalisar wakilan jihar na jam'iyyar Demokrat sama da 50 suka fice daga jihar don hana sake zana mazaɓun, aka kasa cika 100 ɗin, majalisa ta tsaya cak, dokokin ambaliya suka maƙale har sai da aka kira zama na biyu. A ganina, da an raba su tun farko, da waɗanda ambaliya ta shafa ba su jira haka ba.

Ka duba kalmomin takardar da gwamna ke kiran zaman da ita kuma. Idan ta yi faɗi, 'yan majalisa za su cusa abin da ba a nufa ba. Idan ta yi ƙunci, ɗan majalisa guda na iya ƙalubalantar ƙudiri cewa ya fita daga ajanda, a yi watsi da shi.