Sujadar Hausa ta koma ta tsofaffi, fita wa'azi ta tsaya: shaidarmu ta ƙare ke nan?

Tambaya: Malam, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni dattijo ne a wata ikilisiya a kudancin garin Kaduna. Muna samari, duk yammacin Lahadi mu 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa mukan fita da ganga da waƙa mu yi wa'azi a bakin kasuwa. Yanzu ba mai fita. Sujadar Hausa ta zama ta tsofaffi da Zumuntar Mata, 'ya'yanmu suna ta Turanci, wasu sun gudu sababbin majami'u, wasu kullum suna kan waya suna musun addini. An ma kawo shawara a majalisar dattawa cewa a rufe sujadar Hausa. Zamani ya cinye shaidar ikilisiya ne? Me za mu riƙe, me za mu saki?

Amsa: Baba Dattijo, salama. Gajeriyar amsa ita ce kada ku rufe sujadar Hausa. Sai dai dalilina ba kewar jiya ba ne, kuma a ganina waya da Turanci ba su ne babban abin da ya canja muku ba.

Abin da kuke kira tsohuwar hanya, shi ma baƙo ne a zamaninsa. Kakannin Bajju da Atyap da Ham da Berom da Ngas ba da Hausa aka yi musu goyo ba. Harshen fatake ne da na hakimai, wasu ma suna ƙyamarsa saboda tarihin hare-haren bayi. 'Yan mishan suka zaɓe shi don shi ne kowa ke ɗan ji a kasuwa, aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Dakta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan masu aikin. Gangar da kuke fita da ita, wasu Turawan mishan na farko ba su yarda ta shiga majami'a ba, suna ganin kayan tsafi ce. Sannu a hankali iyayenmu mata suka shigo da tulu da kacau-kacau, har ya zama ba a gane Zumuntar Mata sai da su. Sabon Rai Don Kowa kuwa a shekarun 1960 ya fara. Saboda haka fita kasuwa da waƙa dabara ce da ta dace da wani lokaci, lokacin da Kirista da Musulmi suke haya a gida ɗaya, mai wa'azi kuma kowa ya san ɗan wane ne.

A duba yadda bishara ta shiga ƙasar sarakuna. Gwamnatin Turawan mulki ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi don kada ta ɓata da sarakuna. Ƙofar da ta buɗe a shekarun 1930 ta kutare ce, wato wuraren jinyarsu: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da tabarma, sai ga wani ya durƙusa yana wanke masa gyambo, yana naɗa masa bandeji da hannunsa. A Nijar ma haka, asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 ya fi kowane mai wa'azi suna a ƙasar Hausa ta can. Ban ce 'yan mishan ba su da laifi ba. Da yawansu sun raina al'adun da suka tarar. Amma sun zauna cikin mutane, sun koyi harshensu, sun yi zazzaɓin da mutane ke yi. Da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970, ikilisiya ta rasa wuraren da take haɗuwa da wanda ba nata ba kowace safiya, kuma har yau ba mu zauna mun yi lissafin wannan rashi da kyau ba.

Sai babban canjin, wanda kai ka fi ni saninsa tunda a Kaduna kake. Bayan rikicin shari'a na 2000 da rikicin da ya biyo baya a 2002, garin ya rabu, kogi ya zama iyaka. Kiristoci suka tattara zuwa Sabon Tasha, Television, Narayi da Romi, Musulmi suka cika Tudun Wada, Rigasa da Unguwar Sanusi. Jos ma ta bi sahu tun daga 2001. Ba na zargin wanda ya tashi. Wanda aka ƙona wa gida sau biyu ba a yi masa wa'azin zama. Amma ga abin da ya biyo baya. Da can, ranar Sallah yara kan shigo da kwanon tuwo da nama a rufe da faifai, ranar Kirsimeti kwanon ya koma da shinkafa da cincin. Yau yaron da aka haifa a Sabon Tasha zai iya gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, takwaransa na Rigasa bai taɓa zuwa gaisuwar mutuwa gidan Kirista ba. Wa zai ba wa shaida? Bai san kowa ba sai ta labarin da ya ji, labarin kuwa na wuta ne da gudu.

Daga nan musun waya ya samo tushe. Matashin da ba shi da aboki Musulmi ko ɗaya ya ga guntun bidiyo na rabin minti a TikTok ko Facebook, ya shiga sharhi yana mayar da martani ga wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. A lura, wanda ya tambaya ake ba wa amsa. Yawancin abin da nake gani a sharhi ba wanda ya tambayi kowa, gori ne da ramuwa, kuma a ƙasar nan kalma ɗaya ta ɓatanci tana iya jawo asarar rai a unguwar da marubucin bai taɓa takawa ba. Ku faɗa wa matasanku wannan ƙarara daga bagade. Wayar kanta ba ta da laifi: tsohuwar da ba ta iya karatu tana sauraron Littafi Mai Tsarki da Hausa a cikinta, mai tambayar da ke jin tsoron a gan shi a ƙofar majami'a yana iya turo saƙo da dare.

Batun sujadar Hausa kuwa, ikilisiyar farko ta sha irinsa. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce kowa ya koma harshe ɗaya ba. An zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma dukansu sunayen Helenawa gare su, wato an damƙa hidimar a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Kafin ku kaɗa ƙuri'a, ku duba su wa ke zama a bencin sujadar Hausa. Akwai waɗanda hare-hare suka koro daga ƙauyuka, akwai leburori da masu gadi, akwai Hausawa Kiristoci daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya, waɗanda Hausa ce nonon da suka sha. Maƙwabcin da wata rana zai so jin abin da kuka gaskata, da Hausa zai tambaya. Masu bisharar da ikilisiyoyinku ke aikawa karkara, da Hausa za su yi aiki. In 'ya'yanku ba su iya addu'a da ita ba, wa za ku aika nan da shekara ashirin?

Kuma a faɗi gaskiya, sau da yawa mu ne muke kashe sujadar da hannunmu. A sa ta da sassafe, a bar wa ƙaramin fasto ko ɗalibi mai koyon aiki, 'yan kwaya da masu kiɗa su ajiye ƙarfinsu sai ta Turanci, wa'azin ma fassarar gaggawa ce ta wanda aka shirya da Turanci. Sannan a ƙirga kawuna a ce ba ta da jama'a. Ku ba ta babban fasto ko da Lahadi biyu a wata, ku sa matasa karatun nassi da jagorar waƙa a cikinta. Za su yi tuntuɓe, tsofaffi za su yi dariya, su gyara musu.

Waɗanda suka koma sababbin majami'u, ku tambaye su abin da suka samu. Wasu alkawarin arziki ya ja su, wannan kuwa sai koyarwa. Da yawa za su ce a can an san sunansu, an ba su aiki a makon farko, alhali a gida sai mutum ya yi furfura ake jin muryarsa.

Fita da ganga bakin kasuwa, ku sake ta ba tare da jin kun yi zunubi ba. Zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuwa har yanzu tana haɗuwa a Kasuwar Barci, a asibiti, a cikin keke napep, a ofis, a layin banki. Nas ɗin da ba ta duba sunan majiyyaci kafin ta yi masa fara'a, da mai sayar da masara da ba ta lotsa mudu, su ne masu bisharar Kaduna ta yau, ya kamata ikilisiya ta kira su haka, ta yi musu addu'a a gaban jama'a kamar yadda take yi wa wanda za a tura ƙauye. A garinku ne Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa tun 1995 suna sulhunta al'umma, ba wanda ya bar addininsa. A 2018 kuma, a Nghar ta Barikin Ladi a jihar Filato, lokacin wani hari, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallaci da gidansa. Ya kamata matasanku su san sunansa kamar yadda suka san sunayen waɗanda suka cuce mu.

In kun zauna majalisa, Baba, ka roƙi ma'aji ya karanta kasafin bara. A ware abin da aka kashe kan gini da lasifika da bukukuwa, a ware abin da ya fita zuwa ga mutumin da ba ɗan ikilisiya ba: kuɗin magani, rijiyar burtsatse da kowa ke ɗiba, karatun maraya. Bayan an ji lissafin nan, sai a dawo kan shawarar rufe sujadar Hausa.