Ga ɗan'uwan da rami ya lalata wa ƙafar mota

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da raina ya sosu. Ka ce ka faɗa rami a titin gwamnati, taya ta fashe, wili ya lanƙwashe, kana son sanin ko hukuma za ta biya ka kuɗin gyara. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar maka da alheri. Abin nan ya taɓa samuna, ka yi haƙuri in na zuba da yawa.

Ana iya biya, amma ba don kawai akwai rami za su biya ba. Kusan ko'ina maganar tana komawa kan abu guda: sun san da ramin, ko ya kamata a ce sun sani, kuma sun samu lokacin gyarawa suka yi biris? In ba ka da abin da zai nuna haka, takardarka za ta sha ƙura.

Ni da dare abin ya same ni, bayan an ɗauke ruwa. Ramin ya cika fal ya yi daidai da kwalta, fitila ba ta nuna komai ba. Sai dai na ji gwaram, sitiyari ya ƙwace, motar ta nufi hannun masu tahowa, ga babbar mota ta danno tana ta hon. Yarana suna baya. Ƙaramar ba ta ma yi kuka ba, ta ƙanƙame kujera ta zaro ido, shi ne abin da har yau ban manta ba. Da na samu na tsaya, ƙafafuna rawa suke, na kasa fitowa. Washegari bakanike ya shiga ƙarƙashi ya fito yana girgiza kai: shakazoba ta tsiyaye, tayarod ya lanƙwashe, kwanon baƙin mai ya tsage.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da na tarar a ofishin hukumar hanya. Ko ɗago kai bai yi ba. Na gama bayani ya ce, "To kai ina idonka yake?" Ina idona! Ruwa ya rufe rami cikin dare, babu alama, babu ko ganga da aka ajiye, wai ina idona. Daga nan ya ce hanyar ma ba tasu ba ce, in je gaba. Can kuma suka ce aikin yana hannun ɗan kwangila. Na dawo wajen mutumin farko, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce ai su ba su da labarin wani rami sai da na zo. Alhali mazauna bakin hanyar sun shaida mini tun daminar bara yake nan, sun kai kuka har sun gaji. Ba a jima ba aka zo aka lafta masa kwalta. Ashe dai ana iya gyarawa.

Shi ya sa nake ce maka ka koma wurin yau ɗin nan, kafin su toshe shi. Ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a gane wurin, ka matso ka sa sanda ko abin awo a ciki zurfin ya fito. Ka tambayi mutanen wurin yaushe ya fara, ka karɓi lambar wanda ya yarda ya yi shaida. Kada ka bar wa mai faci tsohuwar tayar, da ita da wilin ka ajiye su. Bakanike ya rubuta maka abin da ya gani, cewa bugu ne ba tsufa ba, don da tsufa za su fara kafa maka hujja. Ni haka aka yi mini: bayan dogon jeka-ka-dawo da wasiƙar lauya, suka biya taya da wili, suka ce shakazoba dama ta gaji.

Ba ka faɗi ƙasar da kake ba, kuma dokar ta bambanta. A Ingila dokar hanyoyi ta 1980, sashe na 41, ta ɗora wa hukuma nauyin kula da hanya, amma sashe na 58 ya ba ta mafita in ta nuna tana duba hanyar tana gyara daidai gwargwado. A birnin New York na Amurka sai an riga an sanar da su ramin a rubuce, kwana 15 sun wuce ba su gyara ba, kai kuma kwana 90 gare ka ka shigar da buƙatarka. A Najeriya dokar kare jami'an gwamnati wata 3 ta ba mutum ya kai ƙara. Wannan yawon da suke sa ka daga ofis zuwa ofis lokacinka yake ci, don haka ka ga lauya da wuri. Komai ka rubuta, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Maganar baki ba ta zama shaida.

Ni abin da ke ba ni haushi ma, kowa ya san ruwa ke kashe kwalta. Magudana ta toshe, ruwa ya kwanta, ya shiga ta tsaga ya jiƙa ƙasan, manyan motoci su bi ta kai su farfasa. Su kuma sai su zuba faci a kan danshi ba su share kwata ba, damina ɗaya ya tashi. Haraji kuwa ba su taɓa mantawa da shi ba.

Af, ka duba inshorarka. In mai biyan wanda ka yi wa ɓarna ce kawai, ba za ta taɓa motarka ba, amma cikakkiya tana iya ɗauka. Ka kuma sa a duba maka alaimen, wato saitin ƙafafun mota, ko da motar tana tafiya daidai, don lahanin bugu yakan ɓoye sai taya ta fara cinyewa ta gefe guda.

Ka faɗa mana hanyar ta wace hukuma ce, da ranar da abin ya faru, in turo maka yadda na tsara wasiƙata.