Tambayi Likita: Tsoron annoba da tukunyar gida

Wata uwa daga unguwar Birni: Likita, tun da aka fara raɗe-raɗin amai da gudawa na hana yarana fura da nono da duk wani ganye. Tuwo da shayi kawai suke samu. Na yi daidai?

Ƴar'uwa, niyyarki mai kyau ce, amma kin bar jaki kina dukan taiki. Ƙwayar kwalara ta ruwa take shigowa, da hannun da ya taɓa bayan gida ba a wanke shi da sabulu ba. Fura ba ta da laifi. Abin dubawa shi ne ruwan da aka dama ta da shi, da ƙanƙarar da aka jefa ciki, da hannun mai damun. A 2021, lokacin da cutar ta shiga jihohin Damagaram da Maraɗi, na shiga wani gida inda aka haramta zogale, ga randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, ta faɗi ƙasa a kakkaɓe a mayar. Mu nan da famfo kan yi kwanaki bai kawo ruwa ba, muna saye a hannun ƴan garuwa, nan hatsarin yake. Ki tafasa ruwan sha, ko ki sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs ki jira minti 30. Ki dafa ganye, ki dama fura da kanki a gida. Yaron da ke kan tuwo zalla tamowa ke jiransa, kuma gudawa ta fi saurin kayar da ramamme. In ta kama shi, ki haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, yana sha kuna hanyar asibiti. Mai shan mama kuma kada a cire shi.

Wani magidanci daga Magariya: Uwargida ta hana kaza da ƙwai shiga gidan saboda murar tsuntsaye.

Malam, ba na ganin laifinta, a Magariya aka fara tabbatar da cutar a Nijar a 2006. Sai dai naman da ya dahu har ƙashi da ƙwan da ƙwanduwarsa ta daskare ba su da matsala, zafin digiri 70 na kashe ƙwayar. Abin da ke ba ni tsoro ɗabi'armu ce: kaza ta fara gyangyaɗi, a ce maza a kawo wuƙa kafin ta zama mushe, a ba yara su fige. Wurin yanka da figa ake ɗaukar cutar. Irin wannan kaza binne ta ake yi, a sanar da likitan dabbobi.

Wani ɗalibi daga Zango: Tun da sanƙarau ya kashe maƙwabcinmu abinci ya fita raina, yayana kuma ci yake yi ba ƙaƙƙautawa.

Allah ya jiƙansa. Ɗana, kai da yayanka abu ɗaya ke damunku. Firgici na sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, shi ke ɗauke yunwa. In fargabar ta daɗe sai wani mai suna kotizol ya yi yawa, ya jawo kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Sanƙarau ta tari da atishawa da cunkoson ɗaki yake yaɗuwa, ba ta abinci ba, kuma akwai allurar rigakafinsa. Ka riƙa cin kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ko da kunu da ƙosai ne, cikin jama'a, wayarka a aljihu. In ka wuce mako 2 a haka, ko wando ya fara zame maka, ka zo a duba ka.

Wata Hajiya daga Mirya: An turo mini murya a WhatsApp cewa ruwan gishiri da sassafe na kore annoba.

Hajiya, goge ta. An yi haka a Najeriya lokacin Ebola a 2014, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. In kina da hawan jini ma, ko a miya ki rage shi.