Amsa: Marayu ko dashen itatuwa, wanne za mu sa gaba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙungiyarku ta matasa a Dadin Kowa na son taimakon marayu da kuma dashen itatuwa, ga kuɗi ba yawa. A ganina ku haɗa su wuri guda, amma kada ku ɗauka ku kaɗai.

Ku fara zuwa gaida mai unguwa da liman. Su suka san gidan da maigida ya rasu, uwa na ta fama da yara ba ta taɓa roƙon kowa ba. Ta hannunsu za ku nemi ɗan fili kusa da ruwa ku kafa wurin renon itatuwa: mangwaro, gwaiba, zogale, dogonyaro. Ledar fiyawata da ta cika kwatoci ta ishe ku, a yanke bakinta, a huda gindi, a cika da ƙasa da takin gida. Iyayen marayun su yi renon, a sayar da dashen farkon damina, kuɗin ya tafi kan littattafai da takalma. Yaro kuwa makaranta ce aikinsa, don Allah kada a mai da shi ɗan ban ruwa. Ku kuma tuntuɓi shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da gwamnatin jihar Gombe ta fara a 2019.

Abin da ya fi damuna shi ne tsargiya. Yaran bakin dam kullum suna cikin ruwa, cutar kuma daga dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata. In yaro ya fara fitsarin jini, maraya wa zai lura da shi? Ku roƙi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukumarku ta Yamaltu/Deba su zo su duba su, akwai maganinta.