Malam, wai mene ne bambancin fonetik da fonoloji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar lebul 100, Turanci nake karanta a jami'a, wallahi tun da muka fara kwas ɗin kimiyyar harshe kaina ya ɗau zafi, lakcara ya ce fonetik ya ce fonoloji ya ce fonim ya ce mofim, ni duk ɗaya nake jin su kuma ga jarabawa ta matso. Don Allah a taimaka min.
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, kwantar da hankalinki, abin da kike tsoron nan yana bakinki tun kina goye. Fonetik shi ne ilimin furuci, wato yadda sauti ke fita, ina harshe ya taɓa, leɓɓa sun haɗu ko ba su haɗu ba, iska ta bi ta hanci ko ta baki. Fonoloji kuma tsarin sauti ne a cikin harshe guda, wanne sauti ne in an canza shi ma'ana ta canza.

Nan fonim ya shigo, mu ce ƙwayar sauti, kuma shi nake so ki riƙe da kyau. Ki ce kafa, ki ce ƙafa. Sauti ɗaya kika canza amma zancen ya tashi daga kafa gida ya koma ƙafar mutum, to k da ƙ fonim biyu ne a Hausa, Bature kuwa ba ya ma jin bambancinsu. Mu ma haka p da f suke mana, Hausa ba ta raba su ba shi ya sa za ki ji an ce fan ana nufin pan, alhali a Turanci ɗaya fanka ce ɗaya kasko. Ba rashin ƙoƙari ba ne, tsarin harshenmu ne, amma dole ki horar da kunnenki. Kuma kar haruffa su ruɗe ki, Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukan Turancin Ingila da ake koyarwa sun kai 44, baƙaƙe 24 wasula 20, shi ya sa ake sa ku haddace alamomin IPA, wato alamomin da ake rubuta sautukan harsunan duniya da su.

Mofim kuwa ƙwayar ma'ana ce. Kalmar unhappiness guda uku ce a ciki, un da happy da ness, kamar yadda kalmar makaranta ta ƙunshi ma- da karanta, nazarinsu shi ne mofoloji. Sintas ginin jimla, simantik ilimin ma'ana, su sai kin turo wata wasiƙar.